Littafin Duna: koya wa kwikwiyo wurin zagayawa

Lahadi, 3 Nuwamba 2024

Da hantsi ƙanen uwar yara ya iso da kwikwiyon daga Mirya, garin da ke kusa da mu nan Damagaram, cikin kwali a bayan moto. Baƙi ne wuluk sai ɗan fari a ƙirji, yara suka sa masa Duna tun ba a sauke kwalin ba. An haife su makon farko na Satumba, ke nan yanzu ya cika mako takwas. Uwarsa karyar garke ce, da tumaki take kwana, shi ya sa na nemi jininta. Gidanmu a bakin gari yake, bayan katanga fili ne fetal, kuma da daminar bana aka haura aka kwance mana awaki biyu.

Inna ba ta so ba. Da ta ga na dage sai ta ce: “Ni ban hana ka tsaron dukiyarka ba. Amma ran da na zo shimfiɗa darduma na tarar da ƙazanta, ran nan zai koma inda ya fito.” Na amsa mata, don gaskiya ta faɗa. Tun makon jiya na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ajiye kare don tsaron dabbobi ya halatta. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, babu ja a kai.

Ga inda wahalar take. Mu dama kare ba ya shiga ɗaki, wannan ba sai an faɗa ba. Sai dai rayuwar gidanmu duka a tsakar gida ake yin ta. Nan ake girki, nan ake cin tuwo, nan ake alwala, nan auta ke rarrafe, nan ake shanya kuɓewa da barkono. A idon kwikwiyo kuwa rairayi ne kawai daga zaure har turke, ko'ina wurin tsugunawa ne. Aikin da ke gabana shi ne ya san lungu ɗaya tak cikin gidan nan, ya bar sauran.

Na zaɓi kusurwar da ke bayan turken awaki, nesa da madafa, nesa da randuna. Na kewaye ta da ragowar bulon gini, na sa aka zuba jar ƙasa, don ƙafarsa ta ji bambanci da farin rairayin tsakar gida. Makwancinsa rabin tano ne na roba, wato ganga, da tsohon buhu a ciki, na zagaye shi da waya. Da gangan na matse wurin. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana, amma in ka ba shi fili zai kwanta a gefe ɗaya ya yi kashi a ɗayan.

Kuɗin yau: amalanken jar ƙasa jaka 2 (jaka ɗaya sefa 1,000 ce), rabin tano jaka 3, waya jaka 4, kwanoni biyu na ci da sha jaka 1. Jaka 10 ke nan.

Talata, 5 Nuwamba

Daren farko kuka ya yi ta yi har asuba, yana neman uwarsa da ƴan'uwansa. Jiya ya ragu.

Sa'ar da na yi ita ce shagon ɗinkina manne yake da zaure, taku kaɗan ne daga keke zuwa turke. Kwikwiyo ba shi da ikon riƙe fitsari yadda babba ke yi. Abin da masana dabbobi ke kwatantawa shi ne wajen awa ɗaya ga kowane wata na haihuwa, don haka ɗan wata biyu ba ya wuce awa biyu da rana. Maimakon in riƙa duba agogo, na ɗaura abin a kan lokutan da gidan ya riga ya saba da su: kafin in tafi masallaci da asuba, bayan kumallo, hantsi, kafin azahar, bayan abincin rana, la'asar, magariba, bayan lisha, sai sau ɗaya ko biyu cikin dare. Ban da waɗannan, duk lokacin da ya farka daga barci ko ya gama guje-guje da yara, ɗaukarsa ake yi a kai shi lungu ba tare da jira ba.

Abinci sau uku, a lokaci ɗaya kullum, in ya bari a ɗauke kwano. Wannan ya fi komai muhimmanci, don ba ya wuce minti 15 zuwa 30 bayan ci sai ya nemi kashi. In abinci na ajiye yini guda, ba wanda zai san yaushe cikin zai motsa.

Na tara yara na nuna musu alamun: zai bar wasa farat ɗaya, ya kafa hanci a ƙasa, ya fara juyawa a wuri ɗaya. Duk wanda ya gani ya sure shi. A lungu kalma ɗaya za a faɗa masa, “yi nan”, a yi shiru a jira. Ya gama, a yabe shi nan take.

Alhamis, 7 Nuwamba

Ranar kasuwa. Na shiga kasuwar Dole sayen zare da shafi, na biya wajen mahauta na sayi huhu na sefa 500. Uwar yara ta dafa shi ba gishiri ba yaji, muka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake muka shanya. Shi ne tukwicinsa. Sharaɗin kawai a ba shi a cikin lungun, yana tashi daga tsuguno. In ka bari sai kun dawo rumfa, zai ɗauka ladan dawowa aka ba shi.

Daga nan na kai shi wajen likitan dabbobi. An yi masa allurar farko, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka da yawa, ciki har da parvo mai kashe ƴan kwikwiyo da amai da zawon jini. Likita ya ja mini kunne: kada ƙafarsa ta taka waje sai an gama allurai, don ƙwayar parvo tana yin watanni da rai a cikin ƙasa, karnukan titi kuma suna baza ta ko'ina. Ya ba da maganin tsutsar ciki, a riƙa ba shi duk mako biyu har ya cika wata uku, daga nan wata-wata har wata shida.

Abin da ya fi shiga raina shi ne maganar yara. Ya ce ƙwan tsutsar kare na fita cikin kashi, kuma yana iya kama yaron da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki. Amma ƙwan ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya yi makonni a ƙasa. Wanda ke kwashewa kullum ya yanke hanyar. Daga yau shebur na jingine a lungu, kashi kuma masai ake zuba shi, ba ya haɗuwa da takin awaki da muke kaiwa gona.

Allura jaka 6, maganin tsutsa jaka 1.

Asabar, 9 Nuwamba

Tsutsotsi sun fito, farare dogaye. Na kwashe har da ƙasar da ke ƙarƙashi. Tumbin nan nasa da ya yi tulu ya fara saɓewa. Kashi yana yi a lungu in an kai shi a kan lokaci, fitsari kuwa har yanzu inda ya kama shi.

Laraba, 13 Nuwamba

Ya zaɓi wuri ɗaya a gefen rumfa, kusa da randar wanke-wanke, can yake komawa fitsari duk lokacin da ido ya kauce. Uwar yara tana zuba ruwa tana sharewa, mu ba mu jin komai, amma shi hancinsa yana ji, kuma wari ne ke kiransa. Zuba ruwa a rairayi ma ƙara faɗaɗa wurin yake yi.

Yau na tashi daga keke na haƙe wurin, zurfin kamu ɗaya, faɗin tabarma ƙarama. Rairayin da na ɗebo ban zubar duka ba. Na ɗibi cikin shebur ɗaya na kai lungu na barbaɗa kan jar ƙasa, don warin da ke jan shi rumfa ya koma jan shi can. Sauran na fitar bayan gari. Aka cike ramin da sabon rairayi, na kifa tsohon turmi a kai, ya zauna nan har ya manta.

Dandamalin siminti na ƙofar ɗakin Inna ma ya ɓata sau ɗaya. Can wanki ya fi sauƙi: a tsane da tsumma, a wanke da sabulu, a ɗauraye, a shafa binegar. Jabel, wato ruwan bilic, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba a zuba shi kai tsaye kan fitsari, kuma ba a haɗa shi da binegar, tururin da ke tashi yana cutar da ƙirji. Sai wuri ya ɗauraye sarai.

Kowa ya san halin ruwa a Damagaram. Bido ɗaya, wato jarka, da muke saye wajen ƴan ga-ruwa ba abin wasa da shi ba ne, don haka ruwan ɗaurayar wanki yanzu ba a zubarwa, a bokiti ake tarawa don irin wannan aiki. Amalanken rairayi jaka 2.

Lahadi, 17 Nuwamba

Mun koma baya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ran Juma'a na tafi kai ɗinki unguwar Birni, na bar ƙanena a gida. Duna ya yi kashi kusa da tabarmar da ƙanen nawa yake kwance. Bai ga lokacin da aka yi ba, tashi ya yi ya tarar. Ya kamo shi ya dirza masa hanci a ciki, ya bi shi da takalmi. Da na dawo ya ce: “Yaya, haka ake yi wa kare ai. Sau ɗaya za ka yi masa, ba ya sakewa.”

Abin da ya biyo baya na gani da idona. Ran Asabar na kai shi lungu bayan kumallo, na tsaya har ƙafata ta gaji, bai yi ba. Yana kallona, wutsiya tsakanin cinyoyi. Muna dawowa ya sulale, sai can uwar yara ta gano ya shiga ɗakin ajiya ya yi bayan buhunan gero. Da yamma ma haka, wannan karon ƙarƙashin amalanken maƙwabci da ke ajiye a zaure. Abin da ya koya daga dukan shi ne tsugunawa gaban mutum haɗari ne. Wurin bai shiga kansa ba sam, don ba shi da hanyar haɗa takalmin da kashin da ya yi tun ɗazu. Gashi kuma duk dabarar tawa ta dogara ne a kan ya yi a gabana in yaba masa.

Bayan lisha na zaunar da kowa, har yaron shago. Na ce ba duka, ba tsawa, ba dirza hanci. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi zuwa lungu ya ƙarasa can, ka ba shi huhu. In ka tarar an riga an yi, ka kwashe ka yi shiru. Ƙanena ya ce a ƙauye ba wanda ke wannan wahala. Na ce masa a ƙauye kare yana da daji, namu katanga ce ta kewaye shi, kuma mu muka kawo shi ciki.

Inna ce ta rufe maganar. Ta ce: “Dabba ce marar baki, amana ce a hannunku. Wanda ba zai iya haƙuri da shi ba ya fita harkarsa.” Ban zaci wannan daga bakinta ba.

Sabuwar doka: in ba a lungu yake ba, to ko yana cikin waya, ko yana gaban idon wani. Ƙofar ɗakin ajiya a rufe. A lungu kuma na daina tsaya masa a ka, ina ba shi baya in tsuguna nesa kaɗan.

Juma'a, 22 Nuwamba

Jiya aka ba shi maganin tsutsa karo na biyu. Ya dawo yi a gabana da gaban uwar yara. In ƙanena na kusa har yanzu ƙi yake, don haka na ce shi zai riƙa ba shi abincin rana, ko sa shirya.

Asabar, 30 Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai. Hazo ya rufe gari, da rana ko duwatsun Birni ba a hangowa daga nesa, dare kuma sanyi har ƙashi. Wannan ya taɓa aikinmu ta hanyar da ban yi tsammani ba. In na ɗaga shi tsakar dare na sauke kan jar ƙasa, sai ya ɗage ƙafa ya ruga ya koma tano, can ya yi fitsari kan buhu. Ga alama sanyi yana ƙara masa yawan fitsarin ma.

Na juya bakin tano ya bar kallon gabas, inda iska ke fitowa, na jingina zana a gefe. Lungun ma na kafa masa zana ta ɓangaren iska. Na ɗinka masa ƴar riga da ragowar bargo, yana sa ta da dare. Buhun da ya jiƙe na jefar, don in warin ya zauna a makwanci duk amfanin matse wurin ya tashi. Na so in shimfiɗa masa ƙyallayen shago, na fasa, abu mai laushi mai shan ruwa jan shi yake ya tsuguna. Ruwan sha ana ɗaukewa bayan lisha, da asuba a mayar.

Tashin dare ya fi komai wuya a aikin nan. Ina yi da tocila, ba magana, ba wasa, ya yi mu koma.

Alhamis, 5 Disamba

Ya cika wata uku. An yi allura ta biyu, an haɗa da ta haukan kare, wadda ba a yi sai ya kai wannan lokaci. Wannan ita ce ba ni wasa da ita. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana ga mutum ba a warkewa, kuma ta cizon kare yake zuwa galibi, yara ne kuma suka fi shiga haɗari. Likita ya ce ko karen gida ne ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar. Ya rubuta komai a ɗan littafin rigakafi, na adana shi tare da takardun haihuwar yara.

Allura jaka 6, ta hauka jaka 4, sabon maganin tsutsa sefa 1,500 don nauyinsa ya ƙaru. Kwanakin nan tsakar gida tsaf take.

Laraba, 11 Disamba

Sai yau na samu zama in rubuta.

Ran Lahadi aka yi suna a gidan maƙwabcinmu, mata suka cika har tsakar gidanmu, girki ma wani a madafarmu aka yi. Na kulle Duna cikin waya tun safe. Amma yaran baƙi sun gan shi, kowa yana son ya ba shi wani abu. Daga baya na tarar da kwanonsa cike da shinkafa da miya mai maiƙo, albasa a ciki jingim, da ƙasusuwan kaza, wani kuma ya tsiyaya masa madara. Cikin hayaniyar ba wanda ya tuna da kai shi lungu daga hantsi har la'asar. Ya yi a cikin waya, ya kwanta a gefensa.

Da dare zawo ya fara. Ba riƙewa, ba alama, ba juyawa, inda yake tsaye nan yake zuba. Na kwana ina kwasa. Da asuba ya yi amai sau ɗaya, gabana ya faɗi, don parvo ce ta zo mini a rai, ga shi alluransa ba su cika ba, ga takalman mutane sun shigo da ƙasar ko'ina. Ana buɗe wuri na kai shi. Likita ya duba zafin jikinsa, ya ɗaga leɓe ya ga dasashi, ya ja fatar wuya ya sake ta koma nan da nan. Ya tambaya ko da jini a zawon, ko ya ƙi ruwa, ko ya kwanta ba ya ɗaga kai. Duk babu. Ya ce ɓacin ciki ne daga abinci. Madara ba ta narkewa da kyau a cikin kwikwiyon da aka yaye, maiƙo yana tsinka ciki, albasa kuwa ɗanya ko dafaffa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Ya ba da magani, ya ce farar shinkafa da ɗan dafaffen nama kaɗan-kaɗan, ruwa kada ya yanke, in jini ya fito ko aman ya dawo in zo ko da dare ne. Jaka 3 da rabi.

Jiya kashin ya fara ɗaurewa. Yau yana cin abinci da ƙarfinsa, alhamdu lillahi.

Ɓarnar da ta rage ta tarbiyya ce. Kwana biyu yana yi ko'ina, har cikin makwancinsa, wari ya bazu a wurare da dama. Na fitar da tano na wanke da sabulu, na ɗauraye, na bi da ruwan jabel na shanya a rana. Ƙasar cikin waya na kwashe duka, na haƙe wuri uku a tsakar gida, aka kawo wani amalanken rairayi, jaka 2. Mun koma tsarin makon farko, duk awa biyu, kamar yau ya zo.

Inna ta ga komai. Na je na same ta da kaina kafin ta yi magana. Ta ce ciwo ba laifi ba ne, mutum ma in cikinsa ya ɓaci ba ya iko da kansa, sai dai in tabbata an tsarkake wajen ɗakinta. Uwar yara ta ce wani taron in ya zo, a kai shi gidan yayarta tun daren jajibere. Na yarda.

Laraba, 18 Disamba

Ranar Jamhuriya. Ɗinkin bukukuwa ya taru mini, kwana nake kan keke. Yaron shago da babban ɗana suka karɓi kai shi lungu da rana, ni ina da dare da asuba. Abin da ya ɓace makon jiya ya dawo da sauri fiye da yadda aka koye shi da farko.

Alhamis, 26 Disamba

Wani abu dabam da ya kamata a raba shi da sauran. In na dawo daga gari, ko baƙon da ya sani ya shigo, yana rugowa yana kaɗa wutsiya, ya kwantar da kunne, fitsari na ɗiga bai ma sani ba. Babban ɗana ya ɗauka ya manta karatunsa ne. Ba haka ba ne. Murna ce da ladabi irin na ƙaramin kare gaban babba, kuma tsawa ƙara shi take yi. Yawanci yana barin su in sun girma.

Abin da muke yi: mai shigowa ya wuce abinsa, kada ya kalle shi ko ya sunkuya a kansa, sai ya natsu sannan a gaisa da shi a tsugune, a shafa ƙirji ba ka ba. Zaure ne abin ya fi shafa, kuma ta nan masu kawo ɗinki ke wucewa da atamfofinsu, don haka na sa katako a ƙofar ciki ya tare shi.

Alhamis, 2 Janairu 2025

Allura ta uku, jaka 6, da maganin tsutsa na wata. Abinci har yanzu sau uku. Tashin dare ya koma sau ɗaya, wani daren ma har asuba tano a bushe.

Lahadi, 12 Janairu

Ran Talata ina kan keke na ji yana karta waya yana ɗan kuka. Na buɗe, ban ɗauke shi ba. Ya bi ta gefen turke da gudu, ya shiga lungu, ya juya ya tsuguna. Shi ya nema da kansa. Na ba shi huhu cike da tafi, na kira uwar yara ta gani. Tun ranar haka yake yi, in yana sake a tsakar gida ma da kansa yake tafiya.

Likita ya ce a jira kwana goma bayan allurar ƙarshe, don haka yau ne fitarsa ta farko. Na sayi igiya da abin wuya, sefa 1,500. Muka zaga filin bayan gida da la'asar. Ya shinshina komai, ya tsorata da jaki, amma ko ɗigo bai yi ba. Muna shiga gida ya fizge ya nufi jar ƙasarsa. A saninsa nan ne kaɗai wurin da aka yarda. Ina son ya iya duka biyu, saboda ranar tafiya ko ranar da za a kai shi gidan wani. Gobe da asuba, lokacin da mararsa ta cika, zan wuce da shi waje kai tsaye, da ɗan jar ƙasar lungu a leda in zuba gindin katanga, in faɗa masa kalmar da ya sani. Kashin da ya yi a waje ma kwashewa zan yi, yaran unguwa a filin nan suke ƙwallo.

Asabar, 25 Janairu

Ya koyi yi a waje, gindin katanga ta baya, safe da yamma. Lungu na nan don rana da dare. Tun farkon watan nan ba a ga ƙazanta a tsakar gida ba, ban da ɗigon murna, shi ma ya ragu. Ban ce an gama ba, bai cika wata biyar ba tukuna, kuma ba na barinsa sake in ba kowa a gida. Huhu yanzu ba kullum ba, wani lokaci yabo kawai. Inna ta daina ɗaga dardumarta in ya gifta, ta kuma ce a bar shi.

Lissafi daga farko: kayan lungu da makwanci jaka 10, allurai uku jaka 18, ta hauka jaka 4, maganin tsutsa jaka 2 da rabi, jinyar zawo jaka 3 da rabi, rairayi jaka 4, igiya jaka 1 da rabi, sabulu da jabel da binegar wajen jaka 2 da rabi, huhu wajen jaka 6. Jaka 52 ke nan, ban da abinci da ruwa. Bai kai kuɗin awakin da aka sace ba.

Abin da ke gaba. Azumi zai kama farkon Maris, lokutan gidan duka za su juya, ba girkin rana, ga abinci da dare da sahur. Tun tsakiyar Fabrairu zan fara ja da shi zuwa ci sau biyu, bayan asuba da kafin magariba, a ware masa nasa kada ya dogara da ragowar buɗa-baki. Zafi kuma na tafe, zai sha ruwa da yawa, ɗauke kwano da dare zai daina yiwuwa, jar ƙasa kuma za ta ƙona masa ƙafa da azahar, don haka lungun na buƙatar rumfar zana kafin Afrilu. Likita ya ce daga wajen wata shida namiji kan fara ɗaga ƙafa yana yi wa wurare alama, don haka zan kafa guntun icce a tsakiyar lungu tun yanzu, kafin ya zaɓi randa ko ƙafar rumfa. Jar ƙasar za a sauya ta duka mako mai zuwa. Ranar Litinin kuma zan matsar da tano bakin turke, ya fara kwana kusa da awaki.